Wane Ne Ke Ƙona Littattafan Julián Carax?

In na ce maka Basalona, na san abin da zai fara faɗo maka a rai: Messi, ko Lamine Yamal, ko wancan abokin naka ɗan Madrid da ba ya barin ka sakat a guruf duk daren da aka zura muku ƙwallo. To, yau ajiye ƙwallo a gefe. Basalonar da zan kai ka ta shekarar 1945 ce, shekara 12 kafin a buɗe Camp Nou. Gari ne da yaƙi ya bar wa tabo, mutane suna magana ƙasa-ƙasa don ba ka san wanda ke kasa kunne ba. A cikin garin nan akwai wani mutum mai ƙonanniyar fuska da ke bi shago-shago yana neman littattafan marubuci ɗaya tak. In ya samu, ko nawa aka yanka masa zai biya, sannan ya kyasta ashana.

Wannan shi ne bakin zaren labarin The Shadow of the Wind, wato Inuwar Iska in muka juya shi da Hausa, na marubucin ƙasar Sifaniya Carlos Ruiz Zafón.

Bari in faɗi gaskiya tun daga farko: ba son karatu ne ya sa na sayi littafin ba. Wani malaminmu ne ya ba mu aikin rubuta sharhin littafi, ni kuma na tsaya wurin wani mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin hanya, na ɗauki wanda ya fi arha a cikin masu kauri. Shirina shi ne in ɗauki hoton bangon, in nemo taƙaitaccen labarin a intanet, in sauya kalmomi, in miƙa. Kada ka yi mini dariya, na san kai ma ka taɓa. Daren da na zauna yin wannan aika-aika aka ɗauke wuta, wayata saura kashi huɗu cikin ɗari. Don kada zaman ya tashi a banza sai na kunna fitilar caji, na ce bari in leƙa shafi biyu ko uku. Kiran sallar asuba ne ya ɗago da kaina.

Asubar da aka kai yaro maƙabarta

Daniel Sempere yaro ne ɗan shekara 10. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara huɗu, kwalara ce ajalinta. Wata asuba ya farka yana ihu, saboda ya rufe ido ya nemi fuskarta a zuciyarsa ya rasa. Mahaifinsa, mai ɗan shagon sayar da tsofaffin littattafai a titin Santa Ana, bai tsaya dogon lallashi ba. Ya ce masa ya sa kaya. Suka ratsa gari cikin hazon safiya har ƙofar wani tsohon gini da ke ɓoye a lungu, wani dattijo mai suna Isaac ya buɗe musu.

Sunan wurin Maƙabartar Littattafan da Aka Manta. Ka ɗauka wani katafaren ɗaki ne, kantoci sun hau kan kantoci, hanyoyi sun sarƙe kamar lungunan cikin gari, wanda bai sani ba sai ya ɓace. Duk littafin da aka daina karantawa, duk wanda shagon da ke sayar da shi ya rufe, masu kula da wurin suna ɗauko shi su ajiye. Ka'idar wurin guda ce: wanda ya shiga karon farko zai zaɓi littafi ɗaya, ya zama amanarsa, ya tabbatar bai salwanta ba. Kuma ba a ba kowa labarin wurin.

Daniel ya zaro wani littafi mai suna Inuwar Iska, na wani Julián Carax da ko mahaifinsa, wanda sana'arsa ke nan, bai taɓa jin sunansa ba. Ka lura, sunan littafin da ke hannun yaron shi ne sunan littafin da ke hannunka. Ya kwana yana karantawa. Da gari ya waye sai ya yi abin da kai ma kake yi in wani sabon mawaƙi ya burge ka: ya shiga neman sauran ayyukansa. A nan ne zance ya fara ɗaukar zafi. Wani attajirin dillalin littattafai, Gustavo Barceló, ya yi masa tayin kuɗi masu tsoka a kan kwafin, ya kuma shaida masa cewa da wuya a sami wani, domin an daɗe wani yana bin littattafan Carax yana ƙonawa. Yaron ya ƙi sayarwa.

Shekaru suka shuɗe. Wani dare mutumin ya tare Daniel da kansa. Fuska ba fata sai tabon wuta, yana warin ƙonanniyar takarda. Sunan da yake amfani da shi Laín Coubert. Wannan suna ya isa ya daskarar da jinin Daniel, don a cikin littafin Carax shi ne sunan da Shaiɗan yake amsawa. Kamar a ce ka gama karanta labari, mugun cikinsa ya fito ya tsaya a ƙofar gidanku.

Bin sawun mutumin da aka shafe

Daga nan labarin ya koma bincike irin na 'yan sandan ciki, sai dai mai binciken yaron shago ne. Wane ne Carax? Yana raye ko ya mutu? Me ya yi da wani zai kwashe shekaru yana share sunansa daga doron ƙasa?

Daniel ya riƙa tsintar amsa gutsure-gutsure, daga bakin mai gadin gida, da wani malamin coci da suka yi makaranta tare da Carax, da wata tsohuwar mai reno da aka yasar a gidan gajiyayyu, da wata tsohuwar wasiƙa da ba ta taɓa isa hannun mai ita ba. Carax ya tashi a gidan wani mai shagon huluna, mahaifiyarsa Bafaranshiya ce mai koyar da kiɗa. Wani hamshaƙin attajiri, Ricardo Aldaya, ya ɗauki nauyin karatunsa a makarantar 'ya'yan manya. Ya zama abokin ɗan gidan, sannan ya kamu da son 'yar gidan, Penélope. Suka shirya guduwa birnin Paris a 1919. Ranar tafiya ya jira a tashar jirgin ƙasa, ba ta zo ba, ya hau shi kaɗai. A Paris yana kaɗa fiyano da dare don ya ci abinci, yana rubutu da rana, littattafan kuma ba sa shiga kasuwa. Daga baya sito ɗin kamfanin da ke buga masa littattafai a Basalona ya kama da wuta. Kwafin da ya isa hannun Daniel ya tsira ne saboda wata ma'aikaciyar kamfanin, Nuria Monfort, 'yar wancan dattijo Isaac, ta kwashe kaɗan ta ɓoye su a wurin mahaifinta.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a matsayina na ɗalibin aikin jarida shi ne, babu wanda ya gaya wa Daniel cikakkiyar gaskiya. Wannan ya rage, wancan ya ƙara gishiri, waccan ta yi ƙarya don ta kare wanda take so. Sai ya haɗa bakin mutum uku ko huɗu kafin hoto ya fara fitowa. A aji ana ta nanata mana cewa majiya ɗaya ba ta isa labari ba, ina rubutawa don in ci jarrabawa. A littafin nan na ga dalili. Kai da kake tura duk abin da ya faɗo wayarka zuwa guruf biyar kafin ka kai ƙarshensa, wannan darasin naka ne kamar yadda yake nawa.

Ba zan fasa maka ƙwai ba. Wane ne Laín Coubert, da dalilin da ya hana Penélope zuwa tasha, da abin da ke binne a ƙarƙashin tsohon gidan Aldaya a titin Tibidabo, sai ka karanta da kanka. Abin da zan ce kawai, da na kai wurin sai da na kife littafin a ƙirji na yi shiru.

Garin da aka koya wa yin shiru

Maƙabartar littattafan ƙirƙira ce, babu ita a taswira. Amma tsoron da ke cikin labarin na gaske ne. Sifaniya ta yi yaƙin basasa daga 1936 zuwa 1939. Basalona tana ɓangaren da aka ci da yaƙi, dakarun Janar Francisco Franco suka shige ta a watan Janairun 1939, shi kuma ya mulki ƙasar har rasuwarsa a 1975. A zamaninsa an kafa tsattsauran tsarin tace littattafai, an kwashe wasu daga ɗakunan karatu, an ƙona wasu. An fitar da Katalanci, harshen mutanen Basalona, daga makarantu da ofisoshin gwamnati. Ganuwar Montjuïc da ke kan tsauni tana kallon gari ta zama kurkuku. A can aka harbe shugaban yankin Kataloniya, Lluís Companys, a watan Oktoban 1940.

Zafón ya zuba wannan tarihi a jikin mutum biyu. Na farko Sufeto Fumero, ɗan sandan da ya yi wa kowane ɓangare aiki lokacin yaƙi, duk wanda ke sama shi ne ubangidansa, muddin za a bar shi ya azabtar da mutane. Na biyu Fermín Romero de Torres, wanda Daniel ya haɗu da shi yana bara a titi, a daren da aka yi wa Daniel dukan tsiya aka watso shi waje. Fermín siriri ne kamar tsinke, ga ci, ga surutu, ba abin da bai da ra'ayi a kansa, daga siyasa har soyayya. Za ka yi dariya har hawaye. Amma ranar da aka tuɓe masa riga za a yi masa wanka aka ga tabon azaba a jikinsa, sai dariyar ta tsaya a maƙogwaro. A Montjuïc aka yi masa, kuma aikin Fumero ne.

Da zarar ka san wannan, sai ka fahimci me ya sa ake ɓoye littattafai a lungu, ake kuma rantsar da yaro kada ya faɗa wa kowa. A garin da aka hana mutane tuna abin da ya faru jiya, ajiye tsohon littafi ma laifi ne mai zaman kansa.

Ta yaya littafi ke sauya rayuwa?

Mun saba jin ana cewa karatu yana sauya rayuwa, har maganar ta zama kamar rubutun bayan tirela, ka karanta ka wuce. A tunanina da can, abin da ake nufi shi ne ka karanta wani littafin "yadda za ka yi arziki", ka tashi da safe ka zama wani mutum. Labarin nan ya nuna mini wata hanya daban, kuma ita ta fi kama da gaskiya.

Littafin Carax bai yi wa Daniel wa'azi ba. Tayar da shi ya yi daga inda yake zaune, ya tura shi ƙofar mutanen da da ba zai taɓa sani ba. Ta dalilinsa ya san Clara, makauniyar 'yar ɗan'uwan Barceló, wadda ita ma wani littafin Carax da aka karanta mata tana budurwa ne ya buɗe mata duniya. Daniel ya riƙa zuwa yana karanta mata, ya kamu da sonta duk da ta girme shi nesa ba kusa ba, ya kuma sha kashi na farko a soyayya. Daren da zuciyarsa ta karye shi ne daren da ya haɗu da Fermín. Daga baya ya roƙi mahaifinsa ya ɗauki mabaracin aiki, sai ga shi Fermín gwani ne wajen farauto littattafan da suka yi wuyar samu. Mutumin da ke kwana a kan kwali ya sami ɗaki, da albashi, da mutunci, har da wadda zai aura. Duk wannan daga littafi ɗaya da wani yaro ya zaro daga kanta.

Sauyin kuma ba kullum yake da daɗi ba. Nuria ta fara sanin Carax ne ta hanyar rubutunsa, kuma abin da ya biyo baya ya cinye mata rayuwa. Zafón bai ɓoye wannan ba. Abin da zai iya ɗaga ka zai iya kayar da kai.

Sai babban abin. Yayin da Daniel ke tono rayuwar Carax, sai ya ga tasa tana bin sawunta taku bayan taku. Carax ya so ƙanwar abokinsa, gidansu ba sa so. Daniel ma ya faɗa son Bea, 'yar'uwar babban amininsa Tomás, wadda an riga an yi mata baiko da wani hafsan soja, mahaifinta kuma ba ya wasa. Tsoro iri ɗaya, matsala iri ɗaya, har Fumero ɗin ma ɗaya ne. Bambancin kawai, Daniel ya riga ya ga inda waccan hanya ta kai wanda ya bi ta kafin shi. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Littafi yana ba ka damar ganin wanen da ba ka taɓa haɗuwa da shi ba, wanda wataƙila ya rasu kafin a haife ka.

Akwai kuma gefe na biyu da ban taɓa tunaninsa ba sai a nan: marubuci ma yana bukatar mai karatu. Carax ya yi rubutu, duniya ta yi biris. Yaro ɗaya da ya ƙi sayar da kwafinsa shi ya hana sunan ya mutu. Me hakan ya jawo a ƙarshe, wannan ma yana cikin ƙwan da na ce ba zan fasa ba.

Mutumin da ya rubuta shi

An haifi Carlos Ruiz Zafón a Basalona a 1964. Ya fara aiki a harkar tallace-tallace, sannan ya koma rubuta labaran matasa, na farkonsu ya fito a 1993 ya kuma ci kyauta. Ya ƙaura zuwa Los Angeles a Amurka, a can ya rubuta wannan labari na garinsu. Littafin ya fito da Sifaniyanci a 2001 ba tare da wani gagarumin talla ba. Baki da baki ya yaɗu, wanda ya karanta ya gaya wa wani. Lucia Graves ta fassara shi zuwa Turanci a 2004, aka fassara shi zuwa gomman harsuna, aka sayar da kwafi sama da miliyan 15. Ya ƙara littattafai uku a kan wannan maƙabarta, a 2008 da 2011 da 2016. Duk da ya zauna a garin da ake yin finafinan Hollywood, ya ƙi sayar da labarin a mayar da shi fim. Saboda haka kai mai cewa "bari in jira fim ɗin", babu shi. Ya rasu a watan Yunin 2020 yana da shekara 55, ciwon dajin hanji ne ya yi ajalinsa.

Ba zan sayar maka da littafin kamar ba shi da aibi ba. Shafinsa ya kusa 500, kuma akwai wuraren da wani zai buɗe baki ya yi ta ba da labari shafi bayan shafi har ka manta Daniel yana tsaye yana saurare. Matan cikinsa, in ka cire Nuria, mafi yawansu an fi kwatanta kyansu fiye da tunaninsu. Wata 'yar ajinmu da na ara wa ta ce wannan ya ba ta haushi, kuma tana da gaskiya. Sannan labari ne na wata al'ada daban, akwai wuraren da suka shafi kusantar mace da namiji, akwai zubar da jini, bakin Fermín kuma ba shi da linzami. Ba littafin da za ka miƙa wa ƙaninka ɗan firamare ba ne. Na faɗa maka don ka shiga da saninka.

Jakar Gwaggo

Da na gama karantawa, abin da ya tsaya mini a rai ba Basalona ba ce. Wata jaka ce, irin ta Ghana-mas-go, da na sani tun ina yaro a ɗakin ajiyar Gwaggona.

An cire Gwaggo daga makaranta tana aji huɗu na firamare aka yi mata aure. Karatun da ta fita da shi bai wuce haɗa baƙi da wasali ba. Abin da ya riƙe mata shi littattafan soyayya ne na Hausa, waɗanda ake karɓa haya a kawo wa matan aure har ɗaki. Tana bi da yatsa, kalma bayan kalma, saboda tana son ta san ko yarinyar za ta auri wanda take so. A haka har ta iya karanta katin asibiti da kanta, ta iya rubuta wasiƙa, daga baya ta shiga makarantar manya. Yau ita ce mai riƙe da littafin adashen unguwarsu, kuma ba a taɓa kama ta da kuskuren lissafi ba.

Ba ita kaɗai ba ce. Balaraba Ramat Yakubu ma an katse mata karatu an yi mata aure tana ƙaramar yarinya, ta dawo ta nemi ilimi da girmanta, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. A shekarun nan ne su Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa da ɗaruruwan wasu suka cika kasuwa da littattafai, aka laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano. Sun sha suka. A 2007 har an ƙona wasu a bainar jama'a a Kano, a wani taro na shirin A Daidaita Sahu, bisa hujjar cewa suna ɓata tarbiyyar 'yan mata. Wasu sun yaba, wasu sun yi tir, kuma ba yau zan warware wannan muhawara ba. Abin da ya dame ni wani ne daban.

Na kira Gwaggo na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, wai jakar littattafanki tana nan kuwa?"

Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, me ya tuno maka da su? Ai gara ta gama da su tun shekarar da rufi ya yi yoyo. Ragowar ma yaran nan sun kwasa sun kai wa mai ƙosai."

Ka ji fa. Babu wani mai ƙonanniyar fuska da ya zo da ashana. Babu sufeto, babu hukuma. Mu ne, 'ya'ya da jikoki, muka wuce jakar nan sau dubu ba wanda ya zuge zif. Littattafan da suka koya wa mace karatu sun ƙare a matsayin takardar naɗe ƙosai. Wuta aƙalla tana da hayaƙi, mutane su gani su yi magana. Irin wannan mutuwar ba mai jin motsinta.

Kada ka ce zamani ya wuce nan tunda yanzu komai yana waya. Labari nawa ka karanta a guruf ɗin WhatsApp shekara uku da suka wuce? Ina suke? Waya ta faɗa ruwa, an goge guruf, an sauya layi, shi ke nan. Wasu ma ana kwafe su a cire sunan wadda ta ɓata dare tana rubutawa, a ci gaba da turawa kamar daga sama suka faɗo. Carax aƙalla sunansa yana jikin bango.

Naka littafin

Da hutu na je gidan Gwaggo na zazzage abin da ya rage. Guda bakwai na tsira da su. Shida suna da bango. Na bakwai ba bango, ba shafukan farko, ba na ƙarshe, saboda haka ba sunan littafi, ba sunan marubuci. Na karanta shi a zaune ɗaya, ya katse daidai inda amarya ta gano wata wasiƙa a ƙarƙashin katifa. Na kai wa Gwaggo, ta duba shafi biyu, ta ajiye tsintsiyar hannunta, ta zauna ta ba ni ƙarshen labarin tiryan-tiryan, har da abin da uwar miji ta ce. Ta ce ta fi shekara 25 rabonta da shi. Sunan marubuciyar kawai ya ɓace mata. Ta dai ce tana da yaƙinin mace ce, don namiji ba zai san zancen kishi haka ba.

Ina nan ina cigiya. Na nuna wa masu sayar da tsofaffin littattafai biyu, ɗaya ya ce ya taɓa ganin irinsa, ɗaya ya ce in dawo in babansa yana nan.

Ga abin da nake roƙonka, kai da ke, kuma ba zai ci maka data mai yawa ba. In ka sami Inuwar Iska, na takarda ko na waya ta halastacciyar hanya, ka ba shi shafi 30 kafin ka yanke hukunci. In Turancin ya yi maka nauyi, ko ba ka same shi ba, ba komai. Shiga ɗakin ajiyar gidanku a ƙarshen makon nan. Duba ƙarƙashin gado, da saman sif, da tsohuwar akwatin Mama. Zaɓi littafi ɗaya da ba wanda ya buɗe shekara da shekaru. Karkaɗe shi, karanta shi, ɗauki hoton bangon ka ɗora a sitatus tare da sunan wanda ya rubuta. Sannan ka je ka tambayi mai littafin yaushe ta saya, da abin da take ciki a lokacin. Ka tanadi lokaci, don hirar za ta yi tsawo.

Af, aikin sharhin nan kuwa, da kaina na rubuta shi, na kuma makara da kwana biyu, malam ya zaftare mini maki biyar. In kuma akwai wadda mahaifiyarta ko yayarta ta tuna wani littafi na wajejen shekarun 1990 da amarya ta tsinci wasiƙa a ƙarƙashin katifa, don Allah a taimaka mini da sunan marubuciyar. Gwaggo ma tana jira.